Ƙwarin Ɗakin Malam

Shekarar da mijin Gwaggona ya rasu, ni aka tura in taya ta zaman takaba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Aurena bai daɗe da mutuwa ba, ina zaune a gidanmu a Ƙafin Maiyaki, ba miji ba goyo, sai keken ɗinki da nake ɗan taɓawa. 'Ya'yanta mata biyu kowacce na ɗakin mijinta da yara rututu, namijin kuma direban babbar mota ne a Kudu, ya zo ya yi kwana bakwai ya koma bakin aikinsa. Da Babanmu ya dawo daga sadakar bakwai, ya kira ni zaure ya ce, "Ƙanwata ba za ta zauna ita kaɗai a gindin dutsen nan ba. Ki haɗa kayanki."

Na hau ƙaramar bas zuwa Tudun Wada, na sake wata ta ratsa daji da mu har Doguwa, daga nan ɗan acaba ya ɗauke ni ya bi wata hanya da ruwa ya zaizaye, muna sauka muna hawa, har ƙauyen. Gidan Gwaggo shi ne na ƙarshe ta yamma. Bayan katangarsa gona ce, bayan gonar kuma dutse, wani baƙi mai faɗin kai wanda yake tare rana tun kafin lokacin faɗuwarta ya yi. La'asar sakaliya gidan ya riga ya shiga inuwa alhali sauran gari na cikin hasken rana.

A gonar nan mijinta ya faɗi. Malam kowa yake ce masa, har ita. Yana huɗar dawa da hantsi ya yanke jiki, aka ɗauko shi, kafin la'asar ya cika. Wani daga cikin waɗanda suka ɗauko shi ya koma ya kawo garmarsa ya jingine a ɗakinsa. Bayan an share makoki aka ja ƙofar ɗakin aka sa kwaɗo, a kan ba za a taɓa komai ba sai ɗan ya dawo an raba gado. Gonar kuwa ba wanda ya sake shigarta. Ƙanen Malam, wanda nake kira Baffa, yana ta cewa zai sa a ƙarasa huɗar, amma shi ma nasa aikin ya sha kansa. Ciyawa ta samu damina ba mai hana ta, ta tashi ta kamo dawar, ta zo har jikin katanga tana leƙen tsakar gida.

Gwaggo ba mai yawan magana ba ce tun asali, takaba kuma ta ƙara mata. Ta wuni a kan tabarma a ƙofar ɗakinta da carbi, fuskarta na kallon ɗakin Malam, wanda yake can ɗaya gefen kusa da zaure. Ni ce ɗebo ruwa, ni ce girki, ni ce amsa sallamar masu zuwa gaisuwa. Bayan sadakar arba'in masu zuwan suka ragu. Daga azahar zuwa la'asar, lokacin da maza ke gona mata ke ɗan kishingiɗa, gidan yakan yi tsit har in riƙa jin tafiyar ƙwayoyin carbinta.

A irin wannan lokacin na ga na farko. Ina zaune ina tsince wake a faifai, sai na ga kajin gidan sun daina tono sun miƙe wuya. Na bi inda suke kallo. Wani abu ne ya fito daga rariyar da ruwan tsakar gida ke bi ya fita bayan katanga. Da farko na ɗauka ƙaramin kwaɗo ne na ruwa, don girmansa. Da ya fito fili sai na ga ƙafafu shida. Ya fi babban yatsana tsawo, ya kuma fi shi kauri, cikinsa ɓul-ɓul kamar an cusa masa auduga. Ba shi da fiffike ko alama. A ƙeyarsa akwai wani abu kamar garkuwa, gefenta duk ƙayoyi. Gashi biyu ne a goshinsa, dogaye, sirara kamar zaren ɗinki, yana taɓa ƙasa da su kamar makaho da sanda.

Abin da ya fi damuna shi ne tafiyarsa. Duk ƙwaron da na sani a rayuwata gudu yake yi, ko tsalle, ko tashi. Wannan takawa yake yi, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar dattijon da ya san inda za shi kuma ya san za a jira shi. Zakaran gidan ya matso ya karkata kai ya dube shi, ya kai baki sau ɗaya, sai ya ja da baya yana goge baki a ƙasa. Babu kazar da ta sake kusantarsa.

Na ajiye faifan na ɗauko tsintsiya. Ina taɓa shi ya tsaya, ya ɗaga gaba, ya yi wata ƙara siririya kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Sai wani ruwa mai launin ɗorawa ya fito masa daga gindin ƙafafu, har ya ɗan fantsamo mini a bayan hannu. Wurin ya yi raɗaɗi kaɗan, ga wani wari mai ɗaci. Na share shi da ƙarfi na mayar da shi rariyar, na je na wanke hannu da sabulu sau uku.

"Gwaggo, kin ga wani irin gyare kuwa?"

"Ba gyare ba ne," in ji ta, ba ta ko ɗaga kai ba.

"To mene ne? Tsanya ai ba ta kai haka."

"Gyare na san shi, 'yar nan. Mun tona raminsa muna yara, mun gasa mun ci. Jikinsa sumul yake, yana da fiffike, kuma ba ya fitowa da rana tsaka. In ya ga mutum rami yake komawa. Wannan bai ji tsoronki ba."

"Kin taɓa ganin irinsa?"

Ta ja carbi biyu ko uku kafin ta ce, "Shekarata talatin da wani abu a gidan nan, ban taɓa ganinsa ba."

Washegari guda biyu suka shigo, a daidai wannan lokacin. Wannan karon ban taɓa su ba, na zuba ido in ga inda za su. Suka ratsa tsakar gida, suka wuce turmi, suka wuce murhu inda ga ɓawon wake ga guntun tuwo, ba su ko waiwaya ba. Suka wuce ƙofar ɗakinmu a buɗe. Kai tsaye suka nufi ɗakin Malam. A ƙasan ƙofar akwai ɗan tsagi inda katakon ya ci, na farko ya matse cikinsa ya shige, na biyu ya jira shi sannan ya bi. Na juyo na dubi Gwaggo. Ita ma su take kallo, leɓɓanta na motsi.

Yayana malamin gona ne a Tudun Wada, don haka na ce shi zai warware mini. A ƙauyen babu sabis sai an hau wani ɗan tudu kusa da rijiya. Kwana na uku na tare ɗaya da murfin tukunya, na ɗauke shi hoto da waya, da na je ɗebo ruwa na tura masa. Ya kira ni nan take yana dariya.

"Ke da kika iya yanka kaza, ƙwaro ne ya hana ki sakat? Dangin gyare ne da fara. Na gan shi a littafi muna makaranta, sunan da Turawa suka sa masa ma'anarsa gyare mai sulke. Ba shi da dafin kisa. Ruwan nan da yake fitarwa don kada tsuntsu ya ci shi ne."

"Da Hausa fa, Yaya?"

"Wallahi ban sani ba. Mu a nan ban taɓa ganinsa a gona ba. Ƙila na wajen duwatsu ne."

"To me ya sa ɗaki ɗaya suke shiga?"

"Inuwa suke nema. Ki sa takalmi ki take su, ki share. Ki gaishe mini da Gwaggo."

Na so in ce masa ɗakinmu ma akwai inuwa, kuma a buɗe yake, amma sabis ya ɗauke.

Na bi maganarsa. Na samo wani tsohon takalmin roba na riƙa jiran su a bakin rariya. Kashe su ba daɗi. Sulken yana fashewa da ƙara kamar an taka gyaɗa, cikin kuma ya fito da yawa. Ranar farko na kashe huɗu, na share gawarwakin na tara a gindin katanga gefen rariyar, da niyyar in kwashe da safe. Da gari ya waye na zo da abin kwasar shara, sai na tarar babu su. Ƙafafu ne kawai a warwatse da ɓawon ƙeyar nan mai ƙaya, an cinye cikinsa tas, kamar an sa cokali an kankare. Na san kaji ba sa cin su. Ba mu da kyanwa. Na duba ko tururuwa ce ko kiyashi, ban ga layinsu ba. Na daɗe a tsaye a wurin da tsintsiya a hannu.

Ranar nan bakwai suka shigo. Washegari na daina ƙirga. Ina kashewa ina tarawa, gari na wayewa ina tarar da ɓawo, azahar na yi wasu na fitowa fiye da na jiya. Waɗanda suka kuɓuce mini kuwa hanyarsu ɗaya ce. Har wani ɗan layi ya fito a ƙasar tsakar gidan, daga rariya zuwa ƙofar Malam, kamar sawun da akuya ke yi a gefen gona. Na toshe tsagin ƙofar da tsumma, da safe na tarar an ci tsumman an yi ƙofa a jikinsa.

Magana ba ta kwana a ƙauye. Mata suka dawo zuwa gaisuwa, amma kowacce idonta na kan rariya. Wata ta ce babe ne da bai gama girma ba. Wata ta ce a garinsu uwar gyare ake ce masa, wata ta ce ƙarya ne, uwar gyare ba ta da ƙaya. Wata tsohuwa da ke zaune a bakin zaure ta bari kowa ya gama sannan ta ce, da muryar da ba ta ɗaga ba, "Ni dai a da, ba a kashe abin da ya shigo gidan mamaci da ƙafarsa. Ba a san abin da ya zo ɗauka ba." Matar liman ta ce wannan camfi ne, a ji tsoron Allah, wanda ya tafi ya tafi. Kowa ya ce haka ne. Amma da za su fita na lura ba wadda ta taka layin nan, har matar liman tsallake shi ta yi.

Ni ba mai camfi ba ce, na yi makaranta daidai gwargwado, na kuma san abin da addini ya ce. Sai dai sani daban, zama a gidan daban. Na fara jin nauyin ratsa tsakar gida in rana ta take. Abinci ya daina yi mini daɗi, don warin ruwan nan kamar ya zauna mini a hanci.

Wata rana bayan azahar na je zaure ɗauko itace, hanyata ta bi ta jikin ɗakin Malam. Sai na ji motsi a ciki. Na tsaya. Ba kukan ƙwaro ba ne. Wani sauti ne ƙasa-ƙasa, ƙaras, ƙaras, ƙaras, ya tsaya, ya ci gaba, kamar mutum na zaune yana fere itace da wuƙa ba ya sauri. Na kara kunne a jikin ƙofar. Katakon da ɗumi. Sautin ya tsaya cak, kamar an ji ni. Na ƙirga numfashina har biyar, sannan ya ci gaba.

Ban ɗauko itacen ba. Na dawo na durƙusa gaban Gwaggo.

"Gwaggo, ya kamata a buɗe ɗakin nan. Ina makullin?"

"Yana wajen Baffanki."

Da la'asar na yafa mayafi na tafi gidan Baffa. Na same shi ya dawo daga gona yana wanke ƙafa. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya dube ni da mamaki.

"Makulli kuma? Ai ranar da na rufe ɗakin a hannunta na sa shi. Cewa ta yi yana wurina?"

Na ce ƙila ni ce ban ji daidai ba. Ya ce in ana bukatarsa a aiko. Na dawo gida a hankali. Ban ce wa Gwaggo komai ba, ita ma ba ta tambaye ni inda na je ba. Muka ci tuwo muna kallon kwano.

Akwai wata dattijuwar Bafulatana da ke kawo wa Gwaggo nono da man shanu daga rugarsu a bayan dutse. Sun daɗe tare, Inna muke ce mata. Ta yi kusan wata ba ta zo ba, 'yarta ce ta haihu a wata ruga ta tafi wankan jego. Kwana biyu bayan zuwana gidan Baffa sai ga sallamarta, da rana tsaka, daidai lokacin da nake tsaye a bakin rariya da takalmin roba. Ta sauke ƙwaryarta, suka gaisa da Gwaggo gaisuwa mai tsawo, ta yi mata addu'a. Sannan ta juyo ta ga abin da nake yi.

"Ke 'yata, me kike kashewa haka?"

Na nuna mata. Ta matso, ta sunkuya, ta sa yatsu biyu ta kama ɗaya ta bayan ƙayoyin kamar mai ɗaukar goro. Ya yi ƙararsa, ya fitar da ruwansa, ta riƙe shi nesa da fuskarta har ya gama. Ta faɗi wani suna da Fillanci, na ce ta maimaita, ta maimaita, amma harshena bai iya riƙe shi ba.

"Mu mun san shi," in ji ta. "A gindin duwatsu yake, cikin ciyawar da ba a taɓa ba. Ƙarshen damina yake girma. Ba ya zuwa gari, don gari ana nome shi. Ku ne kuka bar masa hanya har bakin katanga." Ta nuna kan ciyawar da ke leƙowa. Sai idonta ya sauka a kan ɓawon da ke gindin katanga. "Nan kike zubar da waɗanda kika kashe?"

Na ce e.

Ta girgiza kai. "To ke kike kiran su. In ɗaya ya mutu, 'yan'uwansa ne ke cinye shi. Daga nesa suke jin warinsa. Kin kashe huɗu kin yi wa ashirin girki."

Na ji kamar an sauke mini wani kaya daga ka, amma ba duka ba. Na ce, "Inna, to ɗakin can fa? Duk wanda ya tsira can yake shiga."

Ta saki ƙwaron a ƙasa. Ya ɗan tsaya, ya juya gashin goshinsa, ya kama layinsa. Muka bi shi da ido mu uku har ya shige.

"Gishiri suke bi," in ji Inna. "Inda muka zuba wa shanu gishiri da kanwa, nan muke tarar da su da safe. Suna cin igiyar da muke ɗaure maraƙi, suna cin fata. Duk abin da gumi ya daɗe yana shiga." Ta juya wajen Gwaggo, ta sassauta murya. "Akwai kayan aikinsa a ciki ko?"

Gwaggo ta ajiye carbin a kan tabarma, ta jawo haɓar zaninta, ta fara kwance wani ƙulli da ya daɗe har ya yi baƙi. Ƙullin ya ƙi, sai da ta sa haƙori. Makullin ya faɗo a cinyarta. Ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Je ki kira Baffanki ya tsaya a kai, kada a ce mun taɓa kayan magada."

Baffa ya zo ya yi bismilla ya buɗe kwaɗon. Ƙofar ta kumbura da damina, sai da ya sa kafaɗa. Wani wari ya fito, na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, haɗe da ɗacin nan da na riga na sani. Muka tsaya a bakin ƙofa har idonmu ya saba da duhun.

Suna ko'ina, amma ba a warwatse ba. Wasu na kan buzun sallarsa, sun cinye gefensa ya zama kamar ganyen da tsutsa ta bi. Wasu na cikin takalmansa na fata. Hularsa da ke rataye a ƙusa, bakinta na ciki ya zama zare. Amma inda suka fi yawa shi ne garmar da ke jingine a bango. Sun taru a ƙotarta wuri biyu, dunƙule ɗaya a sama, dunƙule ɗaya a ƙasa, tsakani kuma fayau ba ko ɗaya. Daidai inda hannayensa biyu suke kamawa. Daga inda nake tsaye, cikin wannan duhun, sai ka rantse wani ne ya riƙe ta.

Haske ya shiga, amma ko ɗaya bai gudu ba. Gashin goshinsu ne kawai ya juyo wajenmu gaba ɗaya, a hankali. Suka ci gaba da abin da suke yi, ƙaras, ƙaras.

Baffa ya yi salati ƙasa-ƙasa. Na ji numfashin Gwaggo a bayan kafaɗata, ban san ta taso ba. Ta daɗe tana kallon garmar, sannan ta juya ta koma tabarmarta.

Inna ce ta nuna mana yadda za a yi. Ta ce kada a fasa ko ɗaya a cikin gida. Muka samo tsohon buhu, Baffa ya riƙe bakinsa, ni da ita muna kakkaɓo su da tsintsiya da kara. Na ƙotar sun fi gardama, sai da Baffa ya riƙa ɓamɓaro su ɗaya-ɗaya da tsinke. Da aka gama, itacen ya fito fari a wuraren nan biyu, duk baƙin da shekaru suka sa masa an kankare shi, ya yi rami-rami. Baffa ya shafa wurin da babban yatsa. Ya ɗaure buhun ya kai can gindin dutse ya ƙone. Ni kuma na kwashe ɓawon gindin katanga, na wanke wurin da toka da ruwa, na share layin nan har ya ɓace.

Da la'asar, bayan kowa ya tafi, ɗakin na buɗe yana shan iska, na kawo wa Gwaggo fura da nonon da Inna ta bari. Ta karɓa ta riƙe ba ta sha ba.

"Kin je wajen Baffanki ran nan," in ji ta.

"Na je, Gwaggo."

"Na yi miki ƙarya, Allah ya yafe mini." Ta juya ludayin a cikin kwanon. "Tun kafin ki ga na farko nake jin su. In kin tafi rijiya gidan ya yi shiru, sai in ji. Haka yake yi in yana gyaran ƙota, ya zauna a bakin gado da 'yar wuƙarsa, ya fere, ya tsaya ya duba, ya ci gaba. Shekara da shekaru ina jin wannan daga nan inda nake zaune."

Ta dubi ƙofar ɗakin da ke buɗe, ta ci gaba.

"Na san ba shi ba ne. Da hankalina. Wanda aka kai aka rufe ba ya dawowa gyaran ƙota. Amma na ce in aka buɗe, shi ke nan, ba zan sake ji ba." Ta kai ludayin baki ta kurɓa kaɗan. "Ga shi kuwa sun cinye masa buzu ina zaune ina saurare."

A nan ta yi kuka, karo na farko tun zuwana. Ba da ƙara ba. Na matsa na zauna a gefenta har inuwar dutsen ta rufe mu, aka kira magariba.

Ranar Asabar Baffa ya tara gayya aka shiga gonar da lauje da adda. An samu wasu da yawa a cikin ciyawar, a kan dawar ma suna cin kai tun yana ɗanye. Abin da ya tsira na dawar bai taka kara ya karya ba, amma an girbe shi daga baya. Baffa ya sa ragar waya a bakin rariya. Kwana biyu ko uku muna ganin ɗaya-ɗaya suna hawowa ta kan katanga, in kwashe su da murfin tukunya in kai waje da ransu. Daga nan suka ɗauke.

Na zauna har Gwaggo ta fita takaba. Ta yi wanka, aka yi mata lalle, ta sa atamfar da na ɗinka mata da hannu a zaman nan, muka zaga gari tana yi wa mutane bangajiya. Ɗanta ya zo aka raba abin da za a raba, ya ce ta bi shi ko ta koma Ƙafin Maiyaki wajen Babanmu. Ta ce ba inda za ta. Abin da ta nema kawai shi ne a mayar mata da gadonta ɗakin Malam, wata jikarta kuma ta zo ta zauna da ita. Mu muka yi wa ɗakin sabon daɓe, muka shafe bangon da farar ƙasa, muka ɗauko gadon ni da ɗanta muna karo da bakin ƙofa tana yi mana faɗa.

Washegari da hantsi ɗan acaba ya zo. Gwaggo ta cusa mini ƙullin daddawa da kuka a jaka, ta rako ni har bakin hanya tana lissafa mutanen da zan gaisar mata, ta manta wasu ta sake farawa. Mai babur ya ce in muka ƙara jinkiri motar Tudun Wada za ta cika. Na hau, na gyara jakar a cinyata, muka kama hanya.